Su wane ne dakaru? Ma'anar kalmar daga zamanin 'yan baka zuwa na Hisba da askarawa

A cikin labaran safe guda ɗaya, mai sauraron rediyo a Kano zai iya jin cewa dakarun sojin Najeriya sun fatattaki 'yan bindiga, dakarun Hisba sun kama mota maƙare da giya, dakarun RSF, rundunar da ta juya wa sojojin gwamnati baya, sun kai hari a Sudan, sannan wani ɗan siyasa ya fito yana yaba wa dakarunsa na Facebook. Ruɗanin ya ƙaru tun da jihohin Arewa maso Yamma suka fara kafa rundunonin tsaro nasu na kansu. Katsina ta ƙaddamar da tata a watan Oktoban 2023, Zamfara ta biyo baya da Askarawa a watan Janairun 2024, kuma dukkansu da sunan dakaru kafafen yaɗa labarai suke kiran su. Tambayar da mutane suke yi ita ce: shin duk wanda aka kira dakare soja ne? Yana da ikon kama mutum, ko tsare shi, ko riƙe bindiga?

Sunan shi kaɗai ba ya ba kowa iko. Amma kafin a gane dalili, sai an koma ga abin da kalmar take nufi a lokacin da take da ma'ana ɗaya tak.

Dakare a tsarin yaƙin gargajiya

Dakare shi ne mayaƙin da yake yaƙi a ƙasa, da ƙafarsa. Jam'insa dakaru. Kishiyarsa shi ne mahayi, wato barde da ɗan lifidi da ɗan sulke. Rundunar sarki a ƙasar Hausa gida biyu ce, dawaki da dakaru, kuma a wancan zamani ba a cewa da mai doki dakare, komai jarumtarsa.

Su ma dakarun kashi-kashi ne, gwargwadon makamin da kowa yake riƙe da shi. Mafi yawa kuma mafi amfani su ne 'yan baka, masu kwari da baka, waɗanda suke shafa wa kibiyoyinsu dafin da ake haɗawa da 'ya'yan kwankwani. Kibiyar Hausa ba ta da gashi a gindinta, saboda haka ba ta cin dogon zango sosai, ƙarfinta yana ga dafin: ko ƙwarzane ta yi wa doki ko mutum, ta gama aikinta. Akwai masu takobi da garkuwa, akwai masu mashi, akwai masu gatari da kulki. Daga baya aka sami 'yan bindiga. Shugabanninsu ma da sarautunsu, irin su Sarkin Baka da Sarkin Bindiga, kamar yadda ɓangaren dawaki yake da Madaki da Sarkin Dawaki da Barde.

Yawancin dakaru manoma ne da bayi da barorin hakimai. Ba su da albashi, ba su da bariki. Idan sarki ya yi shelar yaƙi, kowane hakimi zai tara mutanen ƙasarsa ya kawo su sansani, kowa da makaminsa da ɗan guzurinsa. Wannan ne ya sa ake fita yaƙi da rani, bayan an kawar da amfanin gona, domin da damina dakare yana gona, hanyoyi kuma sun cika da ruwa. Yaƙin da ya ja har gajimare ya fara haɗuwa, sarki yakan wayi gari ya tarar rabin mutanensa sun sulale gida.

A fagen daga, 'yan baka ne suke buɗe faɗa. Su ne suke yi wa abokan gaba ruwan kibau har sahunsu ya tsinke, sannan 'yan lifidi su danna su fasa, barade su bi waɗanda suka juya baya. Idan kuwa gari mai ganuwa aka kewaye, doki ba shi da abin yi sai jira. Dakaru ne suke cike gwalalo, su sare sarƙaƙiya, su fasa ƙofa ko su cinna mata wuta.

Yadda doki ya rufe mai ƙafa

Tarihin Kano da aka rubuta ya fi kula da dawaki, domin a kansu sarauta take. Ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara dawakin zage, waɗanda ake ja ba kowa a kansu domin canji a wurin yaƙi. A zamanin Kumbari, daga 1731 zuwa 1743, aka shigo da garkuwoyi daga Nufe, aka kuma kawo bindigogi. Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron lafiyarsa. Abin lura a nan, 'yan bindiga a wancan lokaci dakarun sarki ne na jiki, har yau kuma da wannan suna suke fitowa a hawan Sallah, alhali a labarai sunan ya koma na ɓarayin daji.

Duk da haka, masu ƙafa ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa Sarkin Kano zai iya fitar da dawaki kamar 7,000 da dakaru fiye da 20,000. Ke nan kowane mahayi ɗaya yana da mutum uku a ƙasa.

Akwai kuma lokutan da dakaru suka nuna cewa yawan dawaki ba shi ne nasara ba. A Tafkin Kwatto, cikin watan Yunin 1804, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba su da dawakin da suka wuce ashirin, amma 'yan bakansu suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa da 'yan lifidinta. Lifidi auduga ce aka ɗinka a cikin ƙyalle, tana tare kibiya, amma tana da nauyi, tana gajiyar da doki, kuma tana kama wuta. Mahayin da ya faɗo da ita a jikinsa ba ya iya tashi sai an ɗaga shi. Haka nan a kudancin Kano, Ningawa sun daɗe suna addabar masarauta a ƙarni na 19, saboda da sun kai hari sai su koma cikin duwatsu, inda doki ba ya iya bin su.

Mai yaƙi da mai rakiya

Ba duk wanda ya bi runduna a ƙasa ne dakare ba, kuma a nan ne ma'ana ta biyu ta kalmar ta samo tushe. Bayan kowane babban mahayi akwai ayarin mutane: zagi mai tafiya gaban doki, mai yankan ciyawa, mai ɗauke da mashin canji, mai ɗaukar ruwa da abinci. Akwai maƙera masu gyaran makamai, da makaɗa da mabusa, da wanzamai masu cire kibiya, da 'yan kasuwa masu bin sansani. Idan faɗa ya yi zafi, da yawa daga cikin yaran mahayi sukan zare takobi su kare ubangidansu. Mai kallo daga nesa ba zai iya raba su da dakarun gaske ba, shi ya sa "dakarun wane" ta zama tana nufin mayaƙansa, tana kuma nufin mabiyansa masu tafiya a bayansa.

Shari'a kuwa ba ta bar abin a cakuɗe ba, domin akwai ganima da za a raba. A mazhabar Malikiyya, wadda Daular Sakkwato ta yi aiki da ita, ana fitar da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, a ba shugaba. Sauran kashi huɗun na waɗanda suka halarci yaƙin ne. Mahayi yana da rabo uku, biyu na dokinsa, ɗaya nasa. Dakare yana da rabo ɗaya. Imam Abu Hanifa ya saɓa a nan, ya ce mahayi rabo biyu ne. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan Kano har yau, ya ƙara da cewa ba a yanka wa bawa rabo, ko mace, ko yaron da bai balaga ba sai in ya iya yaƙi kuma shugaba ya ba shi izini ya yi, haka ɗan ƙodago ba shi da rabo sai in ya yi yaƙi.

A ɗauka runduna tana da mahaya 100 da dakaru 300, ta samo shanu 750. Humusi ya ɗauke 150, saura 600. Mahaya suna da rabo 300, dakaru suna da 300, jimla 600, kowane rabo saniya ɗaya ke nan. Mahayi ya koma gida da shanu uku, dakare da ɗaya, wanda ya yi dakon ruwa bai zare makami ba kuma sai abin da ubangidansa ya ga dama ya ba shi. Wannan lissafi yana nuna abu biyu. Na farko, dalilin da ya sa burin kowane dakare shi ne ya sami doki. Na biyu, cewa magabata sun ɗauki bambancin mai yaƙi da mai rakiya a matsayin hukunci, suna tantance shi mutum-mutum.

Shekarar 1903 da shigowar "soja"

Ranar 3 ga Fabrairun 1903 rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta ci Kano. Sarki Alu yana Sakkwato da mafi yawan dawakinsa, Sarkin Shanu Muhammadu aka bari da tsaron gari, kuma a nan ya rasu yana kare gidan sarki. Rundunar da ta shigo ta Ƙofar Kabuga ba ta kai mutum dubu ba. Turawan cikinta 'yan kaɗan ne, saura baƙaƙen fata ne, da yawansu masu jin Hausa, akasarinsu kuma a ƙasa suke, da bindigogi masu harsashi da igwa da bindiga mai ruwa. Makonni kaɗan bayan haka, a kusa da Kwatarkwashi, mutum arba'in da 'yan kai daga rundunar Turawan suka sauka daga dawakinsu suka yi sahu mai kusurwa huɗu, suka tare farmakin dawakin Kano, inda Waziri Ahmadu ya yi shahada. Daga wannan shekara doki ya fita daga fagen yaƙi ya koma na hawan Sallah.

Mutanen da suka zo tare da Turawa ba a kira su dakaru ba, an kira su soja, kalmar da aka aro daga Turanci. Tare da ita aka sami bariki da kurtu da farabiti da kofur da saje da samanja da hafsa. Bambancin soja da dakare na da ba a makami kaɗai yake ba. Soja yana da albashi da kaki da lamba, aikinsa ke nan rani da damina, biyayyarsa kuma ga hukuma take, ba ga hakimin garinsu ba.

A rundunar Najeriya ta yau, magajin dakare na asali shi ne sojan ƙafa na cikin sojojin ƙasa, wanda cibiyar horar da shi take Jaji, bayan ya fito daga makarantar kurata ta Zariya. Ana tsara su daga ƙaramin rukuni na mutum kamar goma, zuwa na kamar talatin, zuwa kamfani mai mutum ɗari da wani abu, zuwa bataliya mai ɗaruruwa, sannan birged. Birged ta 3 ce take Kano, da barikokin Bukavu da Janguza, tana ƙarƙashin Runduna ta 1 da ke Kaduna. Sai dai sojan ƙasa ba duka ne sojan ƙafa ba. Akwai masu tankoki, da masu igwa, da injiniyoyi, da masu sadarwa, da likitoci.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Da gidajen rediyo suka fara fassara labaran duniya, sai suka buƙaci kalmar da za ta ɗauki taron sojoji a bakin aiki, ba tare da an faɗi ko na ƙasa ne ko na sama ba. Dakaru ta dace da wannan gurbi. Daga nan aka sami dakarun wanzar da zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, da dakarun ECOMOG na ƙasashen Afirka ta Yamma da suka shiga Laberiya a 1990, da dakarun kare juyin juya halin Iran. Jam'in ya rayu, tilon ya kusan ɓacewa: da wuya a ji an ce dakare ɗaya ya ji rauni, sai dai soja ɗaya.

Masu riƙo da tsohuwar ma'ana suna ganin an yi asara. Hujjarsu ita ce Hausa tana da kalma ɗaya cif da take nufin sojan ƙafa, aka mayar da ita ta kowa da kowa, har ana cewa dakarun sama da dakarun ruwa, alhali matuƙin jirgi ya fi kowa nisa da yaƙin ƙasa. Masu aikin labarai kuma suna cewa harshe ba ya tsayawa wuri ɗaya, mai sauraro yana gane abin da ake nufi, kuma tun da can kalmar tana ɗauke da ma'anar mabiya. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma amfani na yau da kullum ya riga ya rinjayi ɓangare na biyu.

Akwai ra'ayi na uku, wanda ya fi waɗannan biyun nauyi, domin bai tsaya ga nahawu ba. Kalmar tana da ƙamshin halasci. Wanda aka kira dakaru, kunne yana jin sa a matsayin runduna mai tsari da izini. Wanda aka kira mayaƙa yana tsaka-tsaki. Wanda aka kira 'yan bindiga ko 'yan ta'adda an riga an yanke masa hukunci. Saboda haka editan da ya rubuta "dakarun RSF" da wanda ya rubuta "mayaƙan RSF" ba abu ɗaya suka faɗa wa mai karatu ba, ko da labarin ɗaya ne.

Faɗin kalmar yana kuma iya ɓoye wanda ya aikata abu. Bayan harin da ya kashe masu Mauludi a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, a daren 3 ga Disamban 2023, zargi ya fara sauka a kan sojojin sama, suka musanta, daga baya rundunar sojojin ƙasa ta amsa cewa jirginta marar matuƙi ne. Labarin da ya tsaya ga cewa dakaru sun kai hari bai yi ƙarya ba, amma bai gaya wa iyalan mamatan ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba.

A fagen siyasa kuwa, Kano ta daɗe da aron kalmomin yaƙi. Tun zamanin jam'iyyun NEPU da NPC akwai 'yan banga, yanzu akwai sojojin baka a gidajen rediyo da dakarun soshiyal midiya. Muddin abin ya tsaya ga baki da alƙalami, salon magana ne kawai. Sashe na 227 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wa kowace ƙungiya ta tara mutane ko ta horar da su ko ta ba su kayan aiki domin amfani da ƙarfi wajen cimma burin siyasa. Ɗan siyasar da dakarunsa suka fara yawo da makami ya faɗa cikin wannan sashe, ko da wane suna ya kira su.

Abin da doka ta ba kowane rukuni

Sashe na 217 ya ambaci rundunonin soja uku: na ƙasa, na ruwa, na sama. Dukkansu na tarayya ne, Shugaban Ƙasa ne babban kwamandansu, kuma shi ne yake da ikon kiran su su taimaka wa hukumomin farar hula idan doka da oda ta lalace. Gwamna ba shi da soja. Sashe na 214 kuma ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar.

Hisba ta Kano hukuma ce ta jiha, dokar 2003 ce ta kafa ta. Tana da kwamandoji da kaki, amma ma'aikatanta ba sa ɗaukar bindiga. A 2006 gwamnatin tarayya ta ce Hisba rundunar 'yan sanda ce ta bayan fage, ta kama shugabanninta. Kano ta kai ƙara Kotun Ƙoli, kotun kuma ta kori ƙarar a 2007 bisa dalilin cewa ba ta da hurumin fara sauraronta, ba tare da ta shiga gundarin maganar ba. KAROTA ita ma hukumar jiha ce, aikinta titi da ababen hawa. Askarawan Zamfara da takwarorinsu na Katsina dokokin jihohinsu ne suka kafa su, ikonsu kuma bai wuce iyakar jihar ba. 'Yan sintirin unguwa da 'yan sa-kai, idan babu dokar da ta kafa su, matsayinsu ɗaya da na kowane ɗan ƙasa.

Batun bindiga yana hannun tarayya gaba ɗaya. A ƙarƙashin dokar makamai, bindigogin yaƙi irin su AK-47 sai da izinin Shugaban Ƙasa, bindigar farauta ta zamani sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar gargajiya mai ɗuri ta baki kuma tana ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wannan ne ya sa gwamnoni suke ta roƙon Abuja ta bar rundunoninsu su riƙe manyan makamai, su kuma masu adawa da hakan suke tsoron ranar da za a juya waɗannan makamai kan abokan hamayya lokacin zaɓe.

Abin da ya shafi talaka

Idan mutane masu kaki suka zo kama wani, abin da danginsa suke buƙatar sani shi ne sunan hukumar da ta aiko su da ofishin da za a kai shi. Doka ta yarda ko farar hula ya kama wanda ya aikata laifi a gabansa, amma wajibi ne ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka tsare gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, in babu kuma cikin kwana biyu ko lokacin da kotu ta ga ya dace. Ƙungiyar sintiri ba ta da ikon ajiye mutum a ɗakinta kwana da kwanaki, ko ta yi masa bulala, ko ta yanka masa tara.

Wurin kai ƙorafi ma ya bambanta. Soja yana ƙarƙashin dokar soja da kotun soja, ana kai ƙararsa ga kwamandansa ko ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Ɗan sanda yana da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda a kansa. Ma'aikacin Hisba ko KAROTA ma'aikacin jiha ne, ana iya kai shi gaban hukumarsa, ko Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano, ko kotu.

Saurayin da yake shirin shiga ɗaya daga cikin waɗannan rundunoni shi ma yana da tambayoyin da ya kamata ya yi kafin ya sa kaki: wace doka ce ta kafa rundunar, albashi ne ko alawus, wa zai biya kuɗin magani idan ya ji rauni, me iyalinsa za su samu idan ya mutu a bakin aiki. Sojan tarayya yana da fansho da haƙƙin magada a rubuce. Ɗan sa-kai da yake bin sojoji cikin daji yana nuna musu hanya yana fuskantar harsashi iri ɗaya da nasu, amma abin da zai samu ya dogara ne ga dokar jiharsa, in akwai ta. Dokar yaƙi ta duniya ma ta san wannan rukuni na masu rakiya: Yarjejeniyar Geneva ta uku ta 1949 ta ba waɗanda suke bin runduna ba tare da suna cikinta ba, irin su 'yan kwangilar abinci da wakilan jaridu, matsayin fursunan yaƙi idan aka kama su, da sharaɗin rundunar ta ba su izini da katin shaida. Wannan kariya ta yaƙi tsakanin ƙasa da ƙasa ce, ba ta shafi direban da aka ɗauka haya ya kai wa sojoji kaya a dajin Zamfara ba.